Baba Tuliyo, Kocin da Ya Hana Buga Ƙwallo da Ka

Iyayen yara a unguwar Morris Heights ta New York sun kori Baba Tuliyo daga filin ƙwallo, kuma ba shi da laifi. Abin da ya faru ke nan, ba sai an shafa masa mai ba. Mutumin yana nan da ransa a wani gidan kula da tsofaffi can arewacin Bronx, don haka gara a faɗi alherinsa yanzu, kada a bari sai ranar da kowa zai zama gwanin yabon gawa.

Sunansa na takarda Tullio Scarpati, mutumin kudancin Italiya. Bakin mutanenmu bai iya da sunan ba sai ya koma Tuliyo, furfura kuma ta ƙara masa Baba.

Duk direban tasin da ke fitowa bayan sallar asuba ya san shi a ƙofar baya ta gidan burodin mijin ƙanwarsa a unguwar Belmont: tsoho mai faɗin kafaɗa, hannu duk gari, yana ɗan jan ƙafar hagu yana loda burodi a mota. Nan yake har rana ta take. Ya koma ɗakinsa ya ɗan kishingiɗa. La'asar na yi sai ka gan shi a tashar bas yana jan keken nan mai ƙafa biyu da mata ke zuwa cefane da shi, ƙwallaye a cikin raga, buhun burodi a sama. Direbobin bas sun yi masa faɗa har sun gaji sun haƙura.

In ya iso filin da ke gangaren kogi, ba ya taɓa ƙwallo tukuna. Sai ya sunkuyar da kai ya bi filin daga wannan raga zuwa waccan, yana tsintar fasassun kwalabe da murafan lemo da ƙazantar da 'yan shaye-shaye suka bari, yana zubawa a leda. Sai ya gama sannan ya busa usur. Haka ya yi fiye da shekara ashirin, zafi da sanyi. Ba wanda ya ɗauke shi aikin, ba wanda ya taɓa sallamarsa da komai.

Farkon zuwansa da burodi, yara suka ƙi ci. Ya tambayi dalili, suka ce iyayensu mata sun ce burodin Italiyawa da kitsen alade ake yinsa. Bai ji haushi ba, don gaskiya ne akwai irin wanda ake sa wa. Daga ranar sai ya ware kwanonsa daban, ya ware kwaɓinsa daban, ya kuma koyi Hausarsa ta farko. Zai ɗaga buhun sama ya ce, "Ba alade," yara su yi caa a kansa. Mata da ke zuwa ɗaukar 'ya'yansu su yi ta dariya, shi ma ya taya su.

In azumi ya kama, yakan mayar da atisaye daf da faɗuwar rana, don yara su gama su sha ruwa a wurin. Shi da ba ya azumi, ba a taɓa ganin ya kai gora baki a gabansu ba. Mahamadou, wani Bazabarme mai tuƙa motar kaya, ya sha faɗa da bakinsa cewa ranar da ɗansa ya karye a idon sawu, shi yana can Ohio da kaya, Baba Tuliyo ne ya kai yaron asibiti, ya jira aka ɗaure ƙafar, ya dawo da shi. Suka tarar lif ɗin gidan ya lalace kamar kullum. Tsohon nan mai jan ƙafa ya goya yaron a baya, ya hau da shi bene har ƙofar uwarsa. A riƙe sunan Mahamadou, zai sake fitowa.

Baba Tuliyo, kai ne wanda ya san sunan kowane yaro da sunan uwarsa da aikin ubansa, alhali mu da muke haɗa sahu da iyayen ba mu san rabin haka ba. Kai ne mai tsintar kwalba don kada ta yanki ɗan wani. Ba addini ɗaya ba, ba yare ɗaya ba, ba fata ɗaya ba. Me ya kai ka? Har yau ba wanda ya iya ba da amsa mai gamsarwa, sai dai a ce halinka ne.

Kafin burodi, ƙwallo ce sana'arsa. Ɗan wasan gaba ne a ƙasarsu, a rukuni na biyu da na uku ya ƙare ƙuruciyarsa, daga wannan gari zuwa wancan, duk inda aka sayar da shi nan yake kwance jaka. Bai taɓa sa rigar ƙasa ba, bai tara dukiya ba. Gudunsa ba wani gudu ba ne, ƙafarsa ma ba ta fi ta kowa ba. Abin da ya ciyar da shi kansa ne. A zamaninsu ƙwallon fata ake bugawa, wadda in ta sha ruwan sama take komawa kamar tubali. Masu horar da su sukan rataye ta da igiya a jikin ƙarfe, ɗan wasa ya yi ta tsalle yana kai mata goshi har sai ya ga duhu-duhu, a watsa masa ruwa ya tashi ya ci gaba. Tuliyo ya fi kowa jure wannan. In aka kwaso ƙwallo daga gefe, ko ƙafafu nawa ne a wurin sai ya cusa kansa. Da gwiwa ta ƙi, aka sallame shi, ya biyo ƙanwarsa New York da mata da 'ya ɗaya, ya shiga kwaɓa gari.

Bai taɓa ba kowa wannan labarin ba. Yara ne suka tono shi a waya, wani tsohon bidiyo mai dishi-dishi da wani ɗan garinsu ya ɗora. Ga saurayi mai baƙin gashi yana tashi sama kamar an ja shi da igiya. Ƙwallo bayan ƙwallo, duk da ka. A ɗaya ma an naɗe masa goshi da bandeji, jini ya ɓullo, bai fasa ba.

To, a nan matsalar take. Wannan mutumin da ya ci abinci da ka, a filinsa ya hana buga ƙwallo da ka. Ba ƙananan yara kawai ba, har samarin da suka fara gemu. Ba ya koyar da ita, ba ya yarda a gwada. Ko bugun kwana aka samu, ba a kwasowa sama, sai dai a miƙa wa na kusa a ƙasa a sake ginawa. Hausarsa ta biyu ke nan, kuma ita ce aka fi saninsa da ita. Da zarar yaro ya ɗaga ƙwallo sama sai ka ji shi daga bakin layi: "Kasa, kasa." Wato ƙasa. In an tambaye shi dalili, sai ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa ya ce da Turancinsa mai nauyi, wannan na makaranta ne, ƙafa ce ta ƙwallo. Iyakar bayaninsa ke nan.

Ran Lahadi iyaye maza sukan jeru a bakin wayar da ta kewaye filin da kofin shayi suna kallo, kowa koci ne.

"Wai tsohon nan tsoron sama yake yi ne?" in ji Mahamadou. "Ina jin ko zuwansa Amurka a jirgin ruwa ya zo."

"Masa, bar ni da shi," in ji Inusah, da "masa" ɗin nan da mutanen Kumasi ke kiran aboki da ita. "Ɗana sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, amma a idon sawu ake ba shi ƙwallo kamar wada."

"Ka gode Allah ba a haƙa rami aka ce ya buga a ciki ba."

Inusah mutumin zangon Kumasi ne, direban tasi, mai zuciya a kusa amma ba mugu ba. Ɗansa namiji ɗaya, Tamimu, dogo, shiru-shiru, shi ne ɗan wasan gaban Baba Tuliyo tun yana ƙarami. Duk unguwa an san yaron ya iya. Inusah ya ɗora ransa kacokan a kan cewa ƙwallon nan ce za ta kai Tamimu kwaleji, don bayansa ya fara ciwo, bai san ranar da kujerar mota za ta ƙi shi ba. Da aka nuna masa bidiyon nan a waya, ya kalla ya sake kalla, sannan ya ajiye wayar a kan cinya ya ce, "Ashe haka ne. Tsohon nan yana da abu, ɓoyewa yake yi."

Kowa a wurin ya gane me yake nufi. A gida, ɗan damben da ya shahara ba ya zuba wa yaro sirrinsa don ya gan shi a fili. Maƙeri haka, mai ɗori haka. Za su koya maka na sama-sama su riƙe na ciki, sai ranar da ubanka ya taka ya je da girmamawa da abin hannu. Kuma in an je ba a buɗe baki a ce ga abin da ake so, rashin kunya ne. Kayan da aka kai su ne ke magana. Mai abu in ya karɓa, ya amsa ke nan.

Da Babbar Sallah ta zo, Inusah ya ware cinyar ragonsa guda, ya sayi goro fari mai kyau, ya fito da babbar rigar shadda mai aiki da ya sa aka ɗinko masa daga gida bai taɓa sawa ba. Ya ɗauki Mahamadou rakiya, suka hau har ɗakin tsohon a Belmont. Suka gaisa, suka ajiye kaya. Inusah ya ce, "Baba, ga wannan. Yaronka Tamimu, a dai ci gaba da dubawa."

Baba Tuliyo ya warware rigar ya riƙe ta da hannu biyu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa Nunziya tana aure a New Jersey. Ya ce tun da ya zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa hawo benen nan ya kawo masa sutura. Idonsa ya kawo ruwa. Ya rungume Inusah, ya sumbace shi a kumatu biyu irin nasu, Inusah ya sandare kamar an zuba masa ƙanƙara. A mota Mahamadou ya yi ta yi masa tsiya, "Alaji, sai ka sake alwala fa." Inusah yana dariya ya ce, "Ko wanka ne zan yi. Ya karɓa, magana ta ƙare."

Shi kuwa tsohon, a wurinsa 'yan'uwa ya yi. Ran Lahadi da rigar ya je cocinsu, daga can ya zarce fili da ita, yana tattare hannuwanta yana busa usur, yara suna faɗuwa don dariya. Inusah ya zuba ido. Mako ya wuce, wata ya wuce, ganye ya fara zuba. Ba a ware Tamimu gefe an koya masa komai ba. Abin da ake ji daga bakin layi dai shi ne "kasa, kasa." Magana ta fara zagawa a majalisa: Bature ya ci nama, ya sa riga, ya yi shiru.

Sai aka ce wasu mutane daga wata kwaleji za su zo kallon wasan Asabar, kuma saboda Tamimu za su zo. Da safe kafin su fita, Inusah ya tsayar da ɗansa a bakin ƙofa.

"Ka ji ni da kyau. Yau duk wadda ta zo sama, ka tashi. Mutanen nan tsawonka suka zo gani."

"Baaba, koci ya ce..."

"Koci ne ya haife ka?"

Aka fara wasa. Ba a jima ba golan abokan hamayya ya ture wata ƙwallo ta yi sama, Tamimu ya tashi ya sa mata goshi ta faɗa raga. Bakin waya ya ɗauki sowa. Inusah ya juya yana duban baƙin nan biyu da ke tsaye da rigunan sanyi, ya ga suna gyaɗa kai. Baba Tuliyo bai tafa ba. Can kuma wata ta sake tasowa, Tamimu ya tashi, mai tsaron baya ya tashi, kawunansu suka haɗu. Har bakin waya an ji ƙarar. Tamimu ya faɗi, ya miƙe da sauri, ya ɗaga hannu alamar lafiya lau. Sai ya fara gudu, amma ragar ƙungiyarsa ya nufa. Taku kaɗan ya yi ya gane, ya juyo. Yawancin mutane ba su ma lura ba.

Tsohon bai jira alƙalin wasa ba. Ya ja ƙafarsa ya shiga tsakiyar fili, ya kama fuskar yaron da hannu biyu ya leƙa idonsa. Ya tambaye shi me ya ci da safe. Tamimu ya yi dariya ya ce da Turanci, koci, lafiyata ƙalau. Ya sake tambayarsa me ya ci da safe. Yaron ya kasa tunawa. Baba Tuliyo ya kama wuyan hannunsa ya fito da shi, ya zaunar da shi a benci, ya cire masa takalmi ya cusa a ƙarƙashin hammatarsa don kada ya koma.

Baƙin suka tsaya har hutun rabin lokaci, suka ga ba a mayar da yaron ba, suka shiga motarsu.

Inusah ya tsallake waya. Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganinsa haka ba. Da Turanci ya yi maganar, Hausa na kutsowa ciki.

"Tsoho, ka ci namana, ka sa rigata. Abin da na roƙa ka hana. Yau yaro ya yi da kansa, ka fitar da shi. Me na yi maka?"

Baba Tuliyo bai gane zancen nama da riga ba, an ga haka a fuskarsa. Ya ce, "Inusa, yaron nan kai ɗaya gare shi."

"Kai fa? Biyu gare ka? Ba da naka ka ci abinci ba?"

Tsohon ya dube shi. Sannan ya ce, "Da shi na ci."

Bayan Juma'ar da ta biyo, iyaye suka tsaya a ƙofar masallaci suka yanke shawara. Aka samo wani saurayi da ya ce ya taɓa buga wasa a Accra, aka damƙa masa yaran. Ran Talata Baba Tuliyo ya iso da kekensa ya tarar ana kwaso ƙwallo sama, yara sun yi layi suna tsalle. Ba wanda ya iya tunkararsa sai aka tura Mahamadou, wai ya fi sabawa da shi. Mahamadou ya je yana sosa ƙeya ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari. Yanzu ka huta." Tsohon ya ce to. Ya sauke ragar ƙwallaye ya jingina a jikin waya, ya ɗora buhun burodi a kai. Ya bi gefen fili ya tsince kwalaben da ya gani, don ba wanda ya tsince. Sannan ya ja kekensa ba komai a ciki ya nufi tashar bas.

Abin da Inusah bai sani ba, ranar wasan nan suna komawa gida shi ya fita aiki cikin fushi, Tamimu kuwa ya shiga banɗaki ya yi ta amai. Uwarsa Adjara, wadda aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu, ta kai shi asibiti. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ta girgiza, kuma Allah ya taimake su da aka fitar da shi, don wani bugun a kan wannan ba a san inda zai tsaya ba. Yaron ya yi kwanaki ba ya son haske. Ya roƙi uwarsa kada ta faɗa wa uban. "Mma, shi ya ce in tashi. In ya ji, ba zai yafe wa kansa ba." Ta gwada duk da haka, sau ɗaya.

"Baban Tamimu, tsohon nan fa..."

"Kada ki sake kira mini sunansa a gidan nan."

Amma ranar hutunta sai ta zuba wake da shinkafa a kwano ta hau bas zuwa Belmont wurin tsohon. Haka ta riƙa yi. Ita ce ta fara ganin butar shayi a cikin firji. Ita ce ya fara kira da sunan matarsa da ta rasu. Ta ga irin wannan a wurin aiki ba sau ɗaya ba, don haka ta nemi lambar Nunziya ta kira ta.

A bakin Nunziya aka ji sauran. Tun kafin ya fara zuwa filin nan ciwon kai ya matsa masa, likitoci suka duba suka ce duka ne ya yi wa ƙwaƙwalwar yawa, kuma mantuwa na tafe, sai dai a jinkirta ta. Abokan wasansa na da, waɗanda suka yi layi tare a gaban ƙwallon igiya, wasunsu sun mutu ba su san 'ya'yansu ba. Aka ce masa ya riƙe wani abu da zai riƙa yi kullum, cikin mutane, mai sa shi tuna sunaye. Shi ne ya sayi usur. Nunziya ta ce ta sha ce masa ya faɗa wa iyayen gaskiya, sai ya ce wa zai ba da ɗansa ga mutumin da kansa ke lalacewa? Ya san in ya faɗa za a karɓe yaran. Ya kuma san ranar da ya kama hannun Tamimu cewa za a iya karɓe su. Bai saki hannun ba.

Da filin ya tafi, abin da ke riƙe da shi ya tafi. Ya fara manta gishiri a kwaɓi, ya fara barin tanda a kunne, dole mijin ƙanwarsa ya ce ya zauna a gida. Ya zauna. Abin da aka yi shekaru ana jinkirtawa ya zo a guje.

Wata safiya cikin tsananin sanyi Mahamadou ya biyo ta gangaren kogi da motarsa, ya hango wani a tsakiyar fili da silifas, ba rigar sanyi, ya sunkuya yana tona ƙanƙara da yatsu. Ya tsaya ya sauka. Baba Tuliyo ne, da leda a hannu. "Baba, ni ne, Mahamadou. Uban yaron da ka goya." Tsohon ya dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ya ce masa ya yi hankali, akwai kwalba, yara na zuwa. Mahamadou ya cire rigarsa ya lulluɓa masa. Ya ce a hanyar Belmont sau biyu yana tsayar da mota don hawaye sun hana shi ganin titi.

Ran nan labari ya cika unguwa, ran nan kuma Adjara ta daina shiru. Ta jira Inusah ya wanke hannu, ta zauna a gabansa, Tamimu na tsaye a bakin ƙofa. Ta faɗa masa na amai, da na likita, da na Nunziya, ba ta rage komai ba. Inusah ya dubi ɗansa.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baaba. Ranar mutum biyu nake gani a wurin ɗaya."

"Rigar fa? Ya karɓa ai."

Adjara ta ce, "Ya karɓa don ya ɗauka sonsa kake yi."

Tamimu bai je kwaleji ta hanyar ƙwallo ba, wannan ƙofar ta rufe tun ranar. Yanzu yana aiki a motar ɗaukar marasa lafiya, yana karatu da yamma, kansa garau. Ko da ya ci gaba da wasan nan da ya zama wani abu? Allah kaɗai ya sani, kuma ba za a yi ƙarya a ce an sani ba. Saurayin Accra bai yi sanyi biyu ba ya watsar da yaran. Tamimu ne yanzu ke zuwa filin ran Asabar da leda a hannu kafin ƙananan su iso. In ka wuce za ka ji shi, yaron da aka haifa a Bronx, wanda Hausa ke yi wa nauyi a baki, yana cewa "kasa, kasa," yadda ya ji ta.

Baba Tuliyo, mun gode. Kai ne ka san abin da ƙwallo ke karɓa a wurin mutum, don a jikinka ta karɓa, ka tsaya tsakaninta da 'ya'yan mutane. An ce maka marowaci, alhali abin da ka hana su shi ne ciwonka. Allah ya saka maka da alheri, ya sassauta maka abin da ya rage.

Ku kuma masu karatu, magana biyu ce. In kun ga wani ya hana ɗanku abu, ku zaunar da shi ku tambaye shi dalili har sai kun gane, kafin ku taru a ƙofar masallaci. In kuma akwai abin da kuka iya, ko tsintar kwalba ce, ga fili can, Tamimu shi kaɗai ne. Gidan da tsohon yake ba nisa, bas ɗaya ne daga titin Grand Concourse, ana barin baƙi su shiga da rana. Ba zai gane ku ba. Ku je duk da haka.

Inusah ya je. Ya ɗauki Tamimu, tun daga gida yake maimaita abin da zai faɗa da Turanci don kada ya kuskure. Suka tarar da tsohon a kujera kusa da taga, Nunziya na gefensa. Babbar rigar shaddar nan ce a jikinsa, ta koɗe, aikin wuyan ya fara warwarewa. Nunziya ta ce in aka cire don a wanke, ba ya cin abinci sai an dawo da ita. Bai san wa ya ba shi ba. Ya dai san wani ne mai sonsa.

Inusah ya durƙusa, da bayan nan nasa mai ciwo, ya kama gefen kujerar. Turancin da ya shirya duk ya gudu. Ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Tsohon ya yi murmushi, ya juya ya tambayi 'yarsa wani abu da yaren ƙauyensu, don Turanci ya riga ya bar shi. Nunziya ta sunkuyar da kai ta ce yana tambaya ne ko wane ne wannan. Sai ya ɗauki biskit ɗaya daga faranti ya miƙa wa Inusah, kamar yadda ake yi wa baƙon da ba a san me ya kawo shi ba.

Tamimu ya matso ya rage tsawo. Baba Tuliyo ya dube shi, bai kira sunansa ba. Amma hannayen nan biyu suka ɗago da kansu suka kama kan saurayin, suka shafa goshi, suka shafa ƙeya, a hankali, kamar mai duba ko wani wuri ya fashe. Da ya ji lafiya lau sai ya sake shi, ya koma kallon taga.

Inusah ya fito da biskit ɗin a hannu bai ci ba. Ya zo da neman gafara, ya tarar wanda zai yafe masa ya riga ya tafi, rigar kawai ta rage da mutum a ciki. Kan Tamimu yana nan lafiya a wuyansa. Baba Tuliyo ne ya biya, da ɗan sauran nasa kan.